Kumburin ciki: abinda na gani a hannun masu maganin Ayurveda a Kerala

Duk wanda bai taɓa fama da kumburin ciki ba zai ɗauka ƙaramin abu ne, tunda ba ya kwantar da mutum, ba zazzaɓi ba jini, amma wallahi yana hana sakat. Ni nawa ya tsananta ne bayan karatu ya kai ni jihar Kerala a kudancin Indiya, can ɓangaren Malabar wajen garin Kozhikode wanda har yanzu da yawa ke ce masa Calicut. Dama tun a gida yana ɗan taɓa ni jefi-jefi in na cika cin wake ko ɗanwake, amma a can ne ya zama abin kullum. Da safe zan tashi ciki a shafe lafiya lau, kafin la'asar ya cika tam har sai na sassauta wando, ga gyatsa ba iyaka, ga iska tana ta ƙugi a ciki ana ji daga nesa in aji yayi shiru, bayan gida kuma yau akwai gobe babu. Abinda yafi damuna ma shine alwala, na kai matsayin da bana iya riƙe ta daga magariba zuwa isha, wani lokacin ina cikin sallah hankalina rabi yana kan ciki.

Kuma ba sai an faɗa maka dalili ba in kaga abinda nake ci. Mutanen Malabar Allah ya basu hannun girki, Musulmi ne da yawansu, nama ba tsoro, ko'ina halal. Akwai porotta ɗinsu ta farar fulawa mai ninki-ninki wadda take shan mai sosai, ana cinta da soyayyen naman shanu, akwai biriyani na Kozhikode mai ƙananan ƙwayar shinkafa, da safe kuma puttu, wani turararren garin shinkafa da kwakwa, da miyar kadala wato wani baƙin wake mai tauri, sai shayin madara da ake sha kusan duk bayan awa biyu da soyayyar ayaba. Ni kuma ɗalibi, safe bana karyawa sai dai shayi, rana in ci abinda ya samu a tsaitsaye, sai dare wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya in zauna in rama duk abinda na rasa, in kora da lemon kwalba mai sanyi ƙarara saboda zafin garin, in haye gado.

Da farko irin namu nayi, maganin olsa na ruwa, sai omeprazole, sai wannan garin da ake zubawa a ruwa yana tafasa. Duk suna ɗan sauƙaƙa ƙwannafi amma kumburin yana nan daram. Da na faɗa ma Hajiya a waya ko bari in ƙarasa batayi ba tace, kai ɗan nan basir ne, basir ne yake cinka, duk abincin maiƙon nan da kuke ci ba tsamiya ba daddawa, ka samu 'yar jar kanwa ka jiƙa. Nace Hajiya ina zan ga kanwa a ƙasar nan. Tace to sai ka nema, su basu da ciki ne. Dariya kawai nayi amma maganarta ta ƙarshe ta zauna min, lallai suma suna da ciki kuma suna da nasu hanyoyin.

Kafin in je ga nasu hanyoyin dai asibiti na fara zuwa, kuma har yau shine abinda nake fara gaya ma duk wanda ya tambaye ni. Likitan ciki ya tambaye ni ko ina rama ba dalili, ko ina ganin jini ko baƙin bayan gida, ko amai, ko abinci yana maƙale min in na haɗiye, nace babu ko ɗaya. Aka ɗebi jini, akayi hoton ciki, aka duba bayan gida saboda tsutsa da kuma ƙwayar nan H. pylori mai kawo gyambon ciki wadda take da yawa sosai a mutanenmu da nasu. Komai ya fito lafiya. Yace ba wani ciwo a jikin hanjin ko tumbin, aikinsu ne kawai ya rikice, in rage maiƙo, in rage lemon kwalba, in daina cin dare. Ya faɗa cikin minti biyu ya rubuta ƙwayoyi, na fito na sha ƙwayoyin na ci gaba da cin porotta ta.

Mai gidan da nake haya, wani dattijo da ya daɗe yana aiki a ƙasashen Larabawa kafin ya dawo gida, kowa a unguwar ikka yake ce masa wato yaya, shine ya ganni wata rana ina shafa ciki bayan sallah yace me zai hana inje wajen vaidya, wato likitan Ayurveda, maganin gargajiyar Indiya. Ni a lokacin a tunanina Ayurveda irin masu tallan magani a mota da lasifika ne. Ashe a can abin yana da tsari, tun 2014 gwamnatin Indiya ta ware masa ma'aikata guda mai suna AYUSH wadda ta haɗa shi da Yoga da Unani da Siddha da sauransu, likitansu kuma sai yayi digirin da suke kira BAMS na shekara biyar da rabi kafin a bashi lasisi. Kerala kuwa cibiyarsa ce, gwamnatin jihar tana da ƙananan asibitocinsa har a ƙauyuka, kuma ba nisa da inda nake akwai garin Kottakkal a gundumar Malappuram inda wani mai suna P. S. Varier ya kafa Arya Vaidya Sala tun 1902, har yau suna haɗa magunguna ana saidawa a shagunansu ko'ina a ƙasar. Musulmi da Kirista da Hindu duk layi ɗaya suke bi, ban ga ana wani tsafi ko karance-karance a ɗakin duba marasa lafiya ba, in da na gani da na juya.

Wadda na samu mace ce, babba, da tabarau, tana jin Turanci sosai. Abinda ya fara bani mamaki shine yawan tambaya. Ƙarfe nawa kake tashi, ƙarfe nawa kake fara sa wani abu a baki, kana jin yunwa ta gaske kafin ka ci ko kawai lokaci ne yayi, in ka ci kana jin nauyi ko kasala, bayan gidan yana da tauri ko yana manne, ruwan da kake sha mai sanyi ne, kana barcin rana bayan ka ci, kana cin abinci kana danna waya, a ƙasarku me kuke ci, da wane hatsi kuka tashi. Sai da nayi mata bayanin tuwo da fura da kunu, ta saurara da kyau har tana rubutawa, da nace gero sai ta gyaɗa kai tace suma a arewacin ƙasar da yamma ana cinsa. Ta sa yatsu uku a wuyan hannuna ta jima shiru, ta duba harshena taga farin abu ya rufe shi, ta danna ciki ta ƙwanƙwasa. Ta kuma karɓi takardun asibitin ta karanta tsaf, tace da ban zo dasu ba da ita da kanta zata tura ni in yi, wannan ya ƙara min natsuwa da ita.

Bayanin da tayi min kuwa a tsarinsu yake. Su a wajensu jikin mutum yana tafiya ne akan abu uku, vata da pitta da kapha, na farkon shine mai alaƙa da iska da motsi da bushewa, kuma shi take ganin ya hau min. Sannan akwai agni, wutar ciki mai dafa abinci, tace tawa bata da tsayayyen hali, yau ta kama da ƙarfi gobe ta mutu, abinda bai dahu ba kuma shi ke zama ama, wani datti mai danƙo da ke toshe hanya, wai shine take gani a harshena. Sai ta kawo misalin da har yau ban manta ba, tace ka ɗora shinkafa a wuta ta kai rabin dahuwa sai ka ƙara ɗanya a kai, sannan ka kwarara ruwan sanyi, me zaka sauke? Tace haka kake ma cikinka kullum, shayi akan abincin da bai narke ba, ayaba akan shayi, biriyani akan ayaba, ruwan firij akan duka.

Daga nan ta zana da'ira a takarda ta raba uku, tace a littafin Charaka, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafansu, an ce ciki kashi uku ne, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya a barshi fili. Nace mata ai mu wannan hadisi ne a wajenmu, yana cikin Tirmizi, sulusi na abinci sulusi na abin sha sulusi na numfashi. Tayi murmushi tace ta sani, rabin masu zuwa wajenta Musulmi ne kuma kowa sai ya faɗa mata, amma har yanzu bata ga wanda ya rage biriyani saboda shi ba. Ban samu abin cewa ba.

Magani na farko da ta rubuta shine wani gari da a Kerala suke kira ashta churnam, a arewacin Indiya kuma hingvashtak. Abu takwas ne a ciki, busasshiyar citta, masoro irin nasu, wani dogon masoro da suke kira pippali, ajamoda wadda ƙwayarta take ƙamshin seleri, gishirin dutse, kammun fari, kammun baƙi, sai hing. Shi hing ɗin nan ƙaro ne da ake samu daga saiwar wani tsiro, yawancinsa daga Afganistan da Iran ake kawo musu, kuma warinsa in ka buɗe kwalbar sai kowa a ɗakin ya juyo, wani irin haɗin ruɓaɓɓiyar albasa da tafarnuwa, amma in ya shiga mai mai zafi sai ya koma ƙamshi, shi yasa kusan duk miyar wakensu sai sun jefa ɗan kaɗan. Yadda ake shan garin ma daban ne, ba a ruwa zaka kaɗa ka shanye ba, rabin ƙaramin cokali zaka cakuɗa da ɗan man shanu a lomar farko ta shinkafa ka fara da ita, sannan ka ci gaba da cin abincinka. Yana da yaji da gishiri-gishiri, ba daɗi ba kuma ba wahala.

Na biyun ne muka ɗan tsaya a kai. Wani ruwan magani ta so ta bani daga cikin waɗanda sunansu ke ƙarewa da arishta, dama ikka ya riga ya ja min kunne akansu. Irin waɗannan da 'yan uwansu asava jiƙa itatuwa ake yi da suga ko mazarƙwaila a rufe a tulu na makonni har su tsima, to tsimin nan yana haifar da giya a ciki, tana iya kaiwa kusan kashi 12 cikin 100, kuma suna rubutawa a jikin kwalbar ba ɓoyewa suke ba. Nace mata ni dai a canza min. Ko gardama batayi ba, da alama ta saba, ta soke ta rubuta kashayam wato dafaffen ruwan saiwoyi wanda ba tsimi a ciki. Duk Musulmin da zai sayi maganin Ayurveda na ruwa ya duba wannan, in yaga arishta ko asava a ƙarshen sunan to ya san me ke ciki, hukuncin kuma ya tambayi malaminsa, ni dai tunda akwai madadi ban ga dalilin shiga shubuha ba.

Kashayam ɗin sunansa gandharvahastadi, babban abinda ke ciki saiwar zurma ce, ana sirka shi da ruwan ɗumi a sha kafin a karya. Ɗaci kam ba'a magana, duk wanda ya sha jiƙon maɗaci yana yaro zai gane inda na dosa. Da dare kuma triphala, garin 'ya'yan itace uku busassu, haritaki da bibhitaki da amla, shima a ruwan ɗumi kafin barci saboda bayan gida. Wannan ɗan bauri ne da tsami, kuma yana aiki, har ma da farko ya so ya wuce gona da iri sai da na koma ta rage min yawansa.

Amma duk wannan shafi ɗaya ne na takardar, ɗaya shafin da suke kira pathyam wato dokokin ci da sha shine ainihin aikin, kuma tace min ƙarara in bazan bi shi ba kar in ɓata kuɗina akan garin. Ba ruwan sanyi kwata-kwata. Ba lemon kwalba. Babban abinci da rana ne tsakanin sha biyu da biyu, na dare mara nauyi kuma a gama shi aƙalla awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Kar in ci komai sai naji yunwa ta gaske, tsakanin abinci da abinci ba taɓe-taɓe. A daina porotta da duk wani abin farar fulawa na wani lokaci, a daina kadala da ɗanyen kabeji da ɗanyar albasa, wake in ya zama dole sai ƙaramin koren nan da suke kira mung. Ba kindirmo da dare, ba haɗa madara da kifi, ba haɗa madara da 'ya'yan itace masu tsami, ba barci da rana bayan an ci. A zauna a ci, a tauna, a ajiye waya.

Ruwan ɗumin nan shi yafi bani wuya, mutumin da ya taso a inda ruwan sanyi shine karramawar baƙo, ga Kerala da zafi mai gumi. Abinda ya taimake ni shine su dama al'adarsu ce, duk ƙaramin gidan abincin da ka shiga ruwan da za'a ajiye maka a kofin ƙarfe mai ɗumi ne, wani ruwan ɗorawa-ɗorawa saboda an tafasa shi da kammun, wani kuma ja-ja saboda ɓawon wani itace da suke jefawa. Da can turewa nake in ce a kawo min na firij, yanzu sai na koma tafasa nawa da safe, ƙaramin cokali na kammun a tukunyar ruwa, in zuba a fulas in yini ina kurɓa. Bayan ɗan lokaci sai ƙishin ma ya ragu, ban san yadda akayi ba.

Abinda na fi so a duk tsarin shine moru. Kindirmo ne ake kaɗawa a cire man a sirka da ruwa sosai, kusan tsalar da Fulani ke kawowa, sai a daka citta da ɗan gishiri da ganyen kori a zuba, a sha bayan abincin rana. Wani lokacin a ciki nake zuba garin ashta ɗin. Madara zalla tana kumbura ni, shayin madara ma haka, amma wannan ko kaɗan, kuma akwai dalilin da ko likitan asibiti zai yarda dashi, manya da yawa cikinsu baya iya narkar da sugan da ke cikin madara, in ta yi tsami kuma wani ɓangare na sugan ya riga ya narke. Shayin madarar sai na musanya shi da sulaimani, baƙin shayinsu mai lemon tsami da ɗan kayan ƙamshi. Dare kuma kanji, wato shinkafa mai ruwa-ruwa kamar fate, da ɗan mung da man shanu kaɗan. Gaskiya daren farko-farko da yunwa nake kwana ina jin ƙamshin soye-soyen shagon ƙasa yana hawowa ta taga, ina tambayar kaina wai ni me ya kawo ni.

Satin farko ba wani canji sai bayan gida da ya daidaita. Wajen sati na biyu zuwa na uku ne na lura la'asar tana yi ban sassauta wando ba, gyatsar ta ragu, kuma wani abu da na manta dashi ya dawo, yunwar safe. Da can sai in kai azahar banji ina son komai ba saboda na daren yana nan zaune, yanzu ana idar da asuba ciki yake fara tambaya. Farin harshen ma ya ragu, ko da yake wannan ban sani ba ko maganin ne ko kuma ƙarfen kankare harshe da ta sa na saya. Alwala kuwa Alhamdulillah, ranar da na yi magariba da isha da guda ɗaya ba tare da na lura ba sai daga baya, ranar nasan an samu hanya.

Akwai kuma 'yan motsin jiki da ta haɗa min. Bayan kowane abinci in ɗan taka a hankali, su taku ɗari suke cewa, ni dai nakan zaga layinmu in dawo. Ko kuma in zauna akan dugadugai irin zaman tsakanin sujada biyu na 'yan mintuna, vajrasana suke ce masa. Da safe kafin in ci komai in kwanta rigingine in jawo gwiwoyi zuwa ƙirji in riƙe, wannan sunansa ma a yarensu mai sakin iska ne kuma ba ƙarya sukayi ba, a yi shi dai a inda ba kowa. Ni a matsayin motsa jiki na ɗauke su, ba wani ambato ba komai.

To yanzu maganar da ya kamata in faɗa tsakani da Allah. Vata da pitta da kapha ba abu bane da za'a ɗebi jininka a auna a gani, kuma ban yarda wai yatsu uku a wuyan hannu zasu gaya ma mutum duk abinda ke cikinsa ba, ina ganin tambayoyin da tayi min su suka gaya mata komai tun kafin ta taɓa ni. In ka cire sunayen, kusan duk abinda ta hana ni likitan asibiti ya riga ya hana ni, har jerin abincin ma, wake da albasa da alkama da madara sune dai waɗanda masu bincike na jami'ar Monash a Ostireliya suka lissafa a cikin masu tsima a hanji su tara iska. Bambancin shine shi ya faɗa yana kallon kwamfuta, ita kuma ta zauna ta bi yinina awa-awa ta tsara min me zan ci a madadin me, ta bani abin yi a kowane lokacin cin abinci, kuma ta ce in dawo ta gani. Mutumin da zai cakuɗa gari da man shanu a lomar farko dole ya zauna, dole ya natsu, ba zai ci a tsaye ba. Garin yana da nasa amfanin, citta da kammun da hing suna saukar da iska wannan na ji a jikina, amma da ya ƙare na ci gaba da bin dokokin ban saya wani ba lafiya ta ci gaba, lokacin jarabawa kuma da na koma cin dare da shayin madara ga garin a hannu ina sha, kumburin ya dawo abinsa. Daga nan na san wanne ne uban tafiyar.

Kuma kar wani yaji wannan ya tafi intanet ya fara odar duk abinda aka rubuta ma Ayurveda. Akwai wani reshe nasu da ake haɗa magani da ƙonannun ƙarafa, bhasma suke cewa, da gangan ake sa su. A 2004 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani bincike da akayi akan irin waɗannan magunguna guda 70 da aka saya a shagunan Boston a Amurka, aka samu 14 a ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko arsenik. A Indiyar ma likitocin hanta sun ruwaito mutanen da hantarsu ta taɓu bayan sun dinga shan wani tsiro mai suna giloy lokacin korona. Ni abinda aka bani duk kayan ƙamshi ne da saiwoyi da 'ya'yan itace, na kamfanin da aka sani, da jerin abinda ke ciki a jikin kwalba, kuma na ɗan lokaci ne ba na har abada ba. Ko shi garin ashta ɗin akwai gishiri da yaji a ciki, mai hawan jini ko mai gyambon ciki na gaske ko mace mai juna biyu bai kamata su afka masa haka kawai ba. Na tambaye ta batun panchakarma, wankin ciki da tausar mai da Turawa ke tururuwar zuwa yi a otal-otal na bakin teku, wanda su 'yan jihar suka fi yi a watan Karkidakam tsakiyar damina wajen Yuli zuwa Agusta, tace matsalata bata kai nan ba in riƙe kuɗina.

Azumi ne ya zama babban gwaji. Buɗa baki a Malabar ba wasa bane, samosa, unnakkaya wato ayaba da aka cusa ma kwakwa aka soya, su cutlet, su pathiri da nama, faranti ya cika kafin a kira sallah. Abinda ya cece ni shine suna da kanji mai kammun da ake dafawa musamman saboda azumi, sai na riƙa buɗewa da dabino da ruwan ɗumi da shi, soyayyen abu guda ɗaya tak don kar rai ya biya, abinci sosai sai bayan magariba kuma ba har wuya ba, bayan tarawi ba komai sai ruwan kammun. Ikka har tsokanata yake wai na fi 'yan garin zama ɗan gari.

Da na dawo gida kayan haɗin basu bani wahala ba. Citta da masoro da man shanu namu ne, kammun da shammar ana samu wajen masu saida magungunan Musulunci, tsala kuwa sai dai in ban nema ba, wake in an jiƙa shi tun dare an zubar da ruwan an dafa shi ya yi lugub da 'yar kanwa da citta yana zama lafiya in ban cika ba, kanwar Hajiya dai ta samu shiga daga ƙarshe. Hing ne kawai babu sai wanda na taho dashi, shima maman yara ta kore shi daga kicin saboda wari, yana cikin kwalba cikin wata kwalbar a saman drowa.

Inda ake daga har yanzu shine tuwon dare. Gidajenmu an gina su ne akan babban abinci bayan isha, kuma ba yadda za'ayi ka shiga gaida Hajiya ta turo maka malmala biyu da miyar kuka kace mata wai wata likita a Indiya ta hana. Na gwada sau ɗaya tace to ita likitar ce ta haife ka? Abinda muka daidaita a kai a nawa gidan shine a sauke tuwo kafin magariba in ci malmala ɗaya da an idar da sallah, in taka zuwa masallaci isha da ƙafa, a gidan Hajiya kuma in ci abinda aka bani in yi shiru, washegari in wuni akan kunu da ruwan kammun. Ranar biki ko suna da aka haɗa shinkafa da wake da lemo mai sanyi kuwa cikin yana tashi kamar da, bana ma tsayawa neman dalili.